Goggo da Kiɗan Ɗanta

Goggo ta rasu wata Laraba da hantsi, a ɗakinta, a Tanut, ana tsakiyar kai gero rumbu. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sa can ta fi mata nan.

Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun daga yaye har na tafi Damagaram koyon aikin unguwarzoma, don haka ni aka zaunar a bakin ƙofar ɗakinta ina karɓar gaisuwar mata. Na ji abin da kowa ya faɗa. Maƙwabciyarmu ta ce ba ta taɓa ganin azumin Litinin da Alhamis ya wuce ta ba, kuma gaskiya ne. Wata mata ta zo daga Falanko a kan amalanke, ta ce shekarar da ɗanta ya kwanta a gidan likita, a ɗakin nan ta sauka har ya warke, alhali ba abin da ya haɗa su sai ciniki. Wannan ma gaskiya ne. Da yawa sun ce mai haƙuri ce. Wannan kam don an saba faɗa wa mamaci ne, domin Goggo ba ta da haƙuri, ba ta kuma taɓa cewa tana da shi ba.

Washegari wasu matan Buzaye suka shigo cikin baƙaƙen tufafinsu, suka zauna a gefe guda. Da za su tashi, babbarsu ta dafa kafaɗata. Bayansu wani tsoho makaho ya iso, ƴarsa na ja masa sanda. Makaɗin kalangu ne a da. Mazan da ke rumfar waje suka yi ta gyara zama, an rasa inda za a ajiye shi. Ya ce a kai shi zaure ya gaida mata. Daga can ya ɗaga murya ya ce, "Ina ƴar da ta riƙa?"

Na ce, "Ga ni, Baba."

Ya ce, "Sai haƙuri. Yanzu ko an kaɗa, babu mai gaya wa mutum ya yi kuskure."

Can wata malamar Islamiyya da ke kusa da ni ta ce a hankali, "Allah Ya yafe mata abin da kunnenta ya ji." Aka ce amin, ni ma na ce amin. Daga nan har aka watse daga zaman makoki ba wanda ya sake ambaton kiɗa, ko da ɗanta ya iso daga Agadas bayan an riga an rufe ta, mutane suna satar kallonsa suna kau da kai. Na ga in aka tafi a haka, nan gaba jikokinta za su san wata tsohuwa mai azumi da haƙuri, wadda ba ita ba ce. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Sana'arta cuku, daskararren nonon nan da ake shanyawa ya bushe. Tana saye wurin matan Buzaye da na Fulani, ta sayar a kasuwar Tanut, ta aika saura Damagaram. Wannan ya ba ta dalilin bin kasuwanni, Gangara, Belbeji, Tenhiya, har rugagen da mota ba ta kaiwa. Ta iya Buzanci na ciniki da Fulatanci na gaisuwa. Amma duk gidan an san ba cuku kaɗai ke tsara mata tafiya ba. In ta ce gobe za ta Belbeji alhali ba ranar kasuwa ba ce, mijinta, Allah Ya jiƙansa, sai ya ce, "Wa ya zo?" Ta ce, "Mai goge." Ya ce, "A sauka lafiya." Shi dillalin raƙuma ne, kiɗa bai dame shi ba, bai kuma taɓa hana ta ba.

Ba ta waƙa. Ba ta rawa, ba ta guɗa, ba ta shiga fili ta manna wa kowa kuɗi a goshi. Tana da ƴar kujerar tsugunno da take ƙunshewa a zane, ta kai ta bayan makaɗa, ta hagu, wurin da ƴan kallo ba sa so saboda ba a ganin fuskar mawaƙi. Ta ce can ake jin hannu. In an fara, ba abin da ke motsi a jikinta sai babban yatsan ƙafarta ta dama. Idan na kusa da ita suka ɓarke da hira, sai ta juya ta ce, "Ku yi shiru, mutum na aiki." Ta faɗa wa ƴanmata wannan, ta faɗa wa matar wani babban jami'i, ta taɓa faɗa wa jandarma, kuma ya yi shirun.

In an tashi takan kai wa makaɗa ruwa ko fura, sa'annan ta gaya musu abin da ta ji. "Kai, gangarka ta saki tun waƙa ta biyu." "Ke, kina shiga kafin ya ajiye." Wasu suna jin haushi. Tsofaffin cikinsu kuwa sukan neme ta da ido kafin su fara.

Mahaifina, ƙanenta, bai taɓa son wannan hali ba. Shi ko rediyo in aka sa kiɗa kashewa yake. Ya sha zuwa har ɗakinta ya ce, "Yaya, girma ya zo, ki rage." Takan ce, "Na ji." In ya matsa ta ce, "Sallata ta taɓa wuce ni a wurin wasa?" Ya ce a'a. Ta ce, "To, sha furarka." Haka suka tsufa.

Hutuna na farko bayan na kama aiki ya faɗo ƙarshen damina. Ta ce in raka ta arewacin Tenhiya, inda makiyaya ke taruwa in ciyawa ta yi. Muka hau bayan kamyo, babbar motar kaya, a kan buhunan gishiri. Da la'asar matan Buzaye suka kafa tende, wato turmi da aka rufe wa baki da fatar akuya, mata biyu suka zauna a kan taɓaren da ke jan fatar don ta yi tauri. Wata tsohuwa ke bayarwa, saura suna amshi da tafi. Maza suka fito a kan fararen raƙuma suna zagaya matan, raƙuman suna ajiye ƙafa daidai da bugun. Ni wannan nake kallo. Goggo ta ba raƙuman baya. Da fatar ta fara bushewa, mai kaɗawa ta miƙo mata ƙwaryar ruwa ba tare da ta dube ta ba, Goggo ta yayyafa. Na gane ba ranar suka fara ba.

Hadari ya taso daga gabas, aka soma yayyafi, ba wanda ya tashi. Tsohuwar ta sauya waƙa, ta rage murya, raƙuman ma suka rage tafiya. Na tambayi Goggo me take cewa.

Ta ce, "Sunayen rijiyoyin da suka ƙafe take kira."

Na ce, "Duka ta san su?"

Ta ce, "Ki yi shiru."

A hanyar dawowa, da muka hango gari, Goggo ta juyo ta dube ni. Ta ce tsohuwar ba za ta kai baɗi ba, numfashinta ya gajarta. Ba ta kai ba kuwa. Matan Buzayen nan da suka zo gaisuwa ƴaƴanta ne da jikokinta.

Ba ta raina kiɗan zamani ba. Shekarar da wani orkes, wato ƙungiyar makaɗan zamani, ya zo daga Yamai gidan matasa, da jita da manyan lasifika, ta riga kowa zuwa. Ana tsakiyar waƙa gurup ɗin da ke ba su wuta ya mutu. Samari suka fara ihu, wasu har sun duƙa neman duwatsu. Mawaƙiyar, wata siririyar mace, ta ajiye mikro ɗin da take waƙa da shi, ta zo bakin dandali ta ci gaba da bakinta kawai. Ba a jin ta. Goggo ta soma tafi a hankali, matan kusa da ita suka kama, layi bayan layi aka yi ta yin shiru don a ji, har muryar ta kai bangon baya. Da aka tada injin, jama'a suka yi murna. Ita kuwa cewa ta yi, "Da sun bar shi a mace."

Abin da ba ta jurewa shi ne zambo. Dalilin ba daga bakinta na ji ba, Baba mahaifina ne ya gaya mini. Mahaifinsu yana da raƙuma da tumaki, kuma hannunsa a buɗe yake ga maroƙa, har waƙa suka yi masa. A babban farin da aka yi lokacin Goggo na budurwa, dabbobin suka ƙare ƙaf. Da aka samu damina aka yi wani biki a Gangara, ya je cikin tsohuwar rigarsa. Maroƙan da suka saba da hannunsa suka kira sunansa, ya rasa abin bayarwa. Nan take suka juya waƙar, suka shiga lissafa abin da ya rasa, mutane suna dariya. Goggo tana cikin ƴanmata, ta ji komai. Baba ya ce daga ranar tsohon bai ƙara zama a bainar jama'a ba har ya rasu, ko kasuwa sai dai ya aika.

Bayan shekaru masu yawa, a Gangarar dai, ina tare da ita a bikin wani ɗan kasuwa. Wani mawaƙi mai tashe ya hango wani tsohon direba da motarsa ta ƙone, ya yi ta kiran sunansa. Mutumin ya sunkuyar da kai. Mawaƙin ya fara masa habaici a kan takalminsa. Goggo ta tashi daga kujerarta, ta taka zuwa wurin mai kalangu, ta ɗora tafin hannunta a kan fatar. Kiɗa ya tsaya.

Mawaƙin ya juyo da mikro a hannu, ya ce, "Hajiya, lafiya?"

Ta ce, "Ban je Makka ba tukuna. Waƙa muka zo ji. In ta ƙare maka, ka ce ta ƙare mu tafi gida."

Ya ce, "Iya, sana'armu ce."

Ta ce, "Na san sana'arku tun ba a haife ka ba. Koma kan ta farko, ta fi wannan."

Duk wannan ta cikin lasifika aka ji. Mawaƙin ya tsaya yana kallon mai kalangu. Mai kalangu ya duƙar da kai, ya ɗauko kiɗan waƙar farko da kansa. Shi ne makahon da ya zo zaure.

Mawaƙin bai yafe ba. Ya yi wa Goggo waƙa da ta zaga kasuwanni a kaset, yana kiranta mai warin cuku. Ta sa aka kawo mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce amshin ya yi kyau, shi ne dai muryarsa ta soma tsufa. Daga baya muryar ta dushe gaba ɗaya, yaransa suka watse, ciwo ya kwantar da shi a wani ɗaki a bayan tashar Tanut. Goggo ta riƙa aika masa kunun kanwa da zuma har danginsa suka zo suka ɗauke shi. Ba ta je duba shi ba. Ta ce wa mai kai kunun kada ya faɗi daga inda yake, amma kwanon nata ne, kuma duk kasuwa an san shi.

Ɗa ɗaya Allah Ya bar mata, na fari, sauran sun rasu suna ƙanana. Taubashina ne, Yaya nake ce masa. Kamar yadda aka saba da ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, "wancan" take cewa. Ya yi lakwal, wato boko, har Damagaram, ana sa ran zai fito malamin makaranta. A can ya haɗu da samarin Buzaye masu jita, ya koya, ya dawo gida da tasa a cikin buhu. Mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba.

Ranar da ya gaya mata kiɗa zai yi, ina tsakar gida ina wanki. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ita tana ciki tana jera cuku a faifai.

Ya ce, "Iya, ke kika sa mini son abin nan. A bayanki na fara jin shi."

Ba ta juyo ba ta ce, "Na kai ka ka ji. Ban kai ka ka miƙa hannu ba."

Ya ce shi ba roƙo zai yi ba, nasu daban ne.

Ta ce, "Duk haka suke cewa kafin yunwa ta zo. Jikan mutumin nan da aka tozarta a Gangara ba zai tsaya a fili yana kiran sunan masu kuɗi da yawuna ba. In za ka yi, ka yi. Amma ni ba zan zauna a bayanka ba."

Baba ya goyi bayanta, shi don addini. Wannan ne abu ɗaya da na san sun taɓa yin baki ɗaya a kai.

Ta cika maganarta. Yaya ya kafa ƙungiyarsa, shi da Buzaye biyu da wani Babarbare mai ganga, suna waƙa da Hausa da Buzanci, suka yi suna daga nan ƙasarmu ta Damargu har Agadas. Ya yi aure, ya haifi ƴaƴa, Goggo ta yi musu wanka, ta goya su. Yana zuwa gaisuwa tana amsawa, yana kawo gero tana karɓa. Amma in aka ce yau a Tanut zai yi wasa, sai ta tashi da ciwon ƙafa, ko ta tafi kasuwar ƙauye. In waƙarsa ta fito a rediyo sai ta murɗa ta nemi labarai. Mutanen gari suna cewa kunyar ɗan fari ce. Mu na gida mun san ba ita ba ce. Na sha gaya mata ba ya kiran sunan kowa, ba ya zambo, ba ya sauka fili ya bi mutane. Takan ce, "Ku taubasai, a gaban mutane kuna faɗa, a bayan ido bakinku ɗaya." Haka aka tafi har babbar ƴarsa ta isa aure.

Shekarar da ta gabaci rasuwarta, bayan babbar salla, aka ce mai gogen nan da take bi tun tana amarya zai yi wasa a Belbeji, kuma ana jin shi ne na ƙarshe, don hannunsa ya fara rawa. Ita ma idonta ya yi rauni, ƙafa ta yi nauyi. Ta ce in nemo mota. Da ni da ita, ba wanda ya san su Yaya za su hau. Wata ƙungiya ce ta fasa zuwa, aka kira su da safe.

An kafa rumfuna a filin da ke kusa da kasuwar dabbobi. Rana ta yi sanyi, na ajiye mata kujerarta a bayan makaɗa. Mai goge ya yi nasa, gajere, aka kama shi ya sauka. Goggo ta ce hannun ya tafi amma kunnen na nan. Ina shirin ɗaga ta sai mai gabatarwa ya kira sunan Yaya. Jama'a suka ɗauki sowa. Suka hau ta ɗaya gefen, suna jona wayoyi.

Na ce, "Goggo, mu tafi?"

Tashinta a lokacin ba ƙaramin aiki ba ne, sai an kama ta, kuma hanyar fita ta gaban rumfar manya ce. Duk wanda ya san su zai ga uwar tana fita ɗan yana hawa.

Yaya ya juyo zai yi wa mai ganga magana, ya gan ta kusa da shi. Ya tsaya. Sai ya cire igiyar jitar daga wuyansa, ya miƙa wa na kusa da shi, ya nufi matakala. A lokacin gemunsa ya riga ya yi furfura.

Goggo ta ce mini, "Me ya tsayar da su?"

Na ce, "Ya gan ki. Sauka zai yi."

Ta ce, "Je ki gaya wa wancan mutane sun zo daga nesa. Ya yi aikinsa."

Na je na tare shi a gindin matakala na faɗa masa. Ya dube ni ya ce, "Ita ta ce?" Na ce ita ta ce. Ya koma ya karɓi jitarsa.

A waƙar farko hannunsa bai zauna ba, ni ma da ban san kiɗa ba na ji. A ta biyu ya dawo daidai. Ya yi waƙar direbobin da ke bin hanyar Agadas, ya yi ta matan da mazansu suka tafi cirani Libiya ba labari, ya yi wata da Buzanci. Samari suka cika fili, masu rawani da masu hula. Wani attajiri ya shigo da mutanensa, ya yi ta kai da kawowa a gaban dandali cikin babbar riga, yana jira a ambace shi. Yaya ya rusuna masa kaɗan don girmamawa, ya ci gaba da waƙarsa. Bai waiwayo baya ba har ya gama. Na duba ƙafar Goggo, na tarar ta rufe ta da zane.

Ana kiran magariba aka tashi. Ba ta kai masa ruwa ba. Shi ya zo ya durƙusa ya ce, "Iya, sannu da zuwa." Ta ce, "Yawwa. A gaida yara." Ya kama ta da kansa har mota.

Mun yi nisa a hanya kafin ta ce, "Mutumin nan da aka ce ya shigo da jama'a, bai kira shi ba."

Na ce bai kira shi ba.

"Kullum haka yake yi?"

"Kullum, Goggo."

"Ba wanda ya gaya mini."

Na ce, "An gaya miki."

Na ɗauka barci ya kwashe ta. Can ta ce, "Mai gangarsa yana gudu. Ki ce masa ya riƙe shi."

Ba ta ƙara zuwa wasansa ba, ba ta ƙara zuwa na kowa ba, ƙafa ta hana. Ba ta ce ta yi kuskure ba, shi ma bai nemi ta ce ba. Abin da ya sauya kaɗan ne. In ya zo gaisuwa takan tambaye shi inda suka yi wasa da wanda ya hau kafin su. Yana amsawa daga bakin ƙofa, ita tana ciki, wani lokaci har shayin da ya dafa ya huce. Wata rana na dawo daga aiki na tarar tana kwatanta masa yadda wani mai molo, da ya mutu tun ba a haife shi ba, yake ɗaure tsirkiyarsa. Yana zaune a ƙasa ya naɗe ƙafa yana ji. Ƴan watanni ke nan suka samu.

Ciwon bai daɗe ba. Zazzaɓi ne da tari. Na kai ta gidan likita inda nake aiki, ta kwana, ta ce a mayar da ita ɗakinta. Yaya yana Agadas. Na ce, "In kira shi?" Ta ce, "Ya karɓi aikin mutane. In ya gama ya zo." Na kira shi duk da haka. Ya kamo hanya, motar ta lalace musu a daji, bai same ta ba. Da ya iso aka nuna masa kabarin, ya daɗe a can shi kaɗai, ya dawo ya zauna a ƙarshen tabarma yana amsa gaisuwa kamar kowa.

Bayan sadakar bakwai akwai wani biki a Gangara da ya amsa tun da damina. Ya ce zai aika a ba su haƙuri. Muna zaure, ni da shi da Baba, wanda yanzu shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Baba bai taɓa sauraron waƙarsa ba, ban kuma ji zai saurara ba. Ya ja carbinsa har ƙarshe.

Sa'annan ya ce, "Ka san ra'ayina a kan abin nan, bai sauya ba. Amma ka ɗauki alkawari. Kuma uwarka, ranar da aka yi bakwai ɗin mahaifinmu, da la'asar na neme ta a gidan nan na rasa. Ashe masu algaita ne suka sauka a bayan gari." Ya share ido da gefen rawaninsa. "Na yi shekara ban yi mata magana ba. Allah Ya jiƙanta. Tashi ka tafi."

Yaya ya tashi. Na taya shi riƙe igiya har suka gama ɗaure kaya a kan mota, ni kuma na wuce wurin aiki, an aiko akwai mace a kan gwiwa.